Wayar Garba a Rumfar Mamuda

Mamuda mai caji asalinsa manomi ne, kuma ba na wasa ba. Gonarsa na can bayan Kutawa, amma tunda 'yan bindiga suka mai da dajin gidansu, sai ya kwaso matarsa Kyauta da yara suka dawo cikin Dutsin-Ma, ya kafa 'yar rumfar cajin waya kusa da teburin shayina. Kirista ne ɗan Kirista, kakansa Bamaguje. Ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan waƙa, don muryarsa kamar ƙofar langa-langa take, amma wuni yake yana rera waƙoƙin coci.

Yana da wata al'ada. Duk wayar da aka kawo sai ya manna mata 'yar takarda a baya, ya rubuta sunan mai ita don gudun musanye. Masu wayoyin ma ba su cika ɓare ta ba.

Akwai wani Naziru da ke zuwa a babur ranar kasuwa da wayoyi cike da leda, duk suna warin hayaƙi. Kowa ya san daga daji suke, kowa kuma ya ja bakinsa. Mamuda ma karɓa yake, yana cewa bai gani da idonsa ba. Wata rana ya juya wata ƙaramar waya daga cikin ledar, sai ga rubutun hannunsa: Garba. Garba maƙwabcinsa ne, mijin Azumi, wanda aka sace a hanyar Birchi. Da wannan wayar ɓarayin ke kiran Azumi, wani lokaci su bar ta ta ji muryarsa.

Ranar Lahadi fastonsu ya yi wa'azi cewa mai bi fitila ne, kuma ba a kunna fitila a kife ta da ƙwarya. Wanda ya ga aikin duhu ya yi shiru, in ji shi, ya sa hannu a ciki. Mamuda ya dawo ya zauna a bencina, ko waƙa babu, ya ce shi ya daina yi wa Naziru caji.

Na ce, “Mamuda, kai ba soja ba, ba ɗan sanda ba. Ka rufa wa kanka asiri, kana da yara.”

Ya ce, “Malam Ɗayyabu, da wutata ake kiran matar mutum ana yi mata barazana. In ce wa Ubangiji mi?”

Da Naziru ya dawo, Mamuda ya tura masa ledarsa ya ce, “Ban yi.” Naziru bai yi gardama ba, ya dube shi ya yi murmushi, ya rataya ledar ya tayar da babur. Mamuda ya kai magana inda ya dace, aka ce za a bincika. Har yau ana bincike.

Tun daga ranar wayar Garba ba ta sake shiga ba. Ko sun tsorata ne sun jefar da ita, ko wani abin ne ya faru, Allah kaɗai ya sani. Ni dai abin na ƙona min rai, don na duba na rasa inda Mamuda ya yi kuskure, na kuma rasa wanda gaskiyarsa ta amfana.

Azumi ta ji labari, ta zo da goyonta ta tsaya a bakin rumfa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta dubi Mamuda ta ce, “Baban Ummi, na san don Allah ka yi. Amma da, ko tari ya yi ina ji, in san yana da rai. Yanzu fa?”

Sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro tata wayar ta miƙa masa.

“A cika mani ita. Kar su kira su same ta a kashe.”