Ranar da Kawu Ya Sauko da Zumarsa Ƙasa

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Adamu mai zuma. Ranar da na fi tunawa da shi wata Asabar ce, ƙarfe biyar na yamma, a gonarsa ta Udubo. Mu uku ne: shi, da ni, da Malam Bitrus, ma'aikacin gona ɗan kudancin Bauchi da ke zaune a Azare.

A shekarar Kawu ya faɗo daga tsamiya, ƙugunsa ya goce. 'Ya'yansa suka ce ya bar sana'ar. Amya ɗaya ce ta rage masa mai ƙudan zuma a ciki. Malam Bitrus ya kawo akwatin katako mai sanduna jere a sama, wanda ake buɗewa a tsaye a ƙasa. In aka mayar da ƙudan ciki suka zauna, Kawu zai ci gaba ba tare da hawa ba. In suka tashi, shi ke nan.

Na sauko da amyar da igiya, muka yi mata hayaƙin kashin shanu. Kawu ya riƙa yanko saƙar zuma yana ɗaure ta a jikin sanduna da kaba. Masu zuma kawai yake zaɓa. Baƙaƙen, masu tsutsa, ya ture gefe, kamar yadda ya saba tun yana saurayi.

"Baba, masu tsutsar nan za mu ɗaura," in ji Malam Bitrus.

"Bitrus, haka kuke saukar baƙo a garinku? A kai shi sabon gida a ba shi tsutsa?"

Muka yi dariya. Malam Bitrus ya bar shi ya ci gaba, don ba ya musu da dattijo.

Kwana biyu bayan haka rana ta yi zafi, saƙar mai nauyi ta tsinke ta zube a gindin akwatin. Ƙudan suka tashi gaba ɗaya. Kawu ya sa aka kai shi Azare, ya tsaya a ƙofar gidan Malam Bitrus da sandarsa.

"Shekara arba'in ina cin zumarsu," ya ce, "ban san tsutsar nan ce 'ya'yansu, don ita suke zama ba. Na zaci irina ne, makwaɗaita."

Wani amininsa a Gololo ya ba shi amya mai ƙuda. Wannan karon masu tsutsar ya fara ɗaurawa, da hannunsa. Suka zauna. Shekara biyu ya yi yana ɗibar zuma ƙafarsa a ƙasa kafin Allah ya karɓi ransa.

Yau kafintocin Azare suna haɗa irin akwatin nan. Amma an sare tsamiyoyi da yawa, kuma feshin wake yana kashe ƙudan. Ban san abin da zai ce ba da yana raye. Ina jin zai fara da faɗa, sannan ya tambayi mai feshin ƙarfe nawa yake fita, don ya toshe ƙofar akwatinsa kafin nan. Abin da ya bari a wurina ke nan: dattijon da ya yi kuskure a sana'ar da ya tsufa a cikinta, ya je har ƙofar gidan sa'an ɗansa ya faɗa da bakinsa. Allah ya jiƙansa.

A zuriyarmu mace ba ta taɓa yin zuma ba, saboda hawan bishiya. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa maza ba wanda ya ɗauki akwatin. 'Yarsa Hajara ce ta ɗauka. Yanzu tana da shida.