Zauren Baffa da Bangon Inna

Ranar da ƙasa ta girgiza a Djougou, garinmu, ina Parakou ina sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Ba mu saba da irin wannan ba, mutane har raha suke yi, wai ƙasa ce ta yi atishawa. Dariyata ta ƙare da na isa gida washegari na ga ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna na shiga ciki. A ɗakin take kwana.

Zauren gidan ma ya zube ta gefe ɗaya. Kakanmu ne ya gina shi zamanin fataucin goro. Tun rasuwar Baba, ƙanensa Baffa ke da ta cewa, sai ya tara maza a tsakar gida, mu mata muna bakin madafi muna saurare. Aka yanke cewa siminti da rodin da aka samu duk na zaure ne. Ɗakunan ciki a yaɓe su da laka, a duba baɗi.

Na kasa haƙuri, na fito na durƙusa.

"Baffa, a gafarce ni. Zauren nan wa ke kwana cikinsa?"

"Ke, zaure shi ne fuskar gida," in ji shi. "Baƙo ya zo ya tarar da kango? C'est la honte, abin kunya ne."

"Magini ya ce bangon Inna sai an rushe, an sa ƙarfe."

"Magini ne ya haife ki?"

Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau ban huce ba. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Zauren da awaki suka fi mutane zama a ciki! Aka shimfiɗa masa tayil, aka shafa koren fenti, masu wucewa suna ta ma sha Allah. Tsagar bangon Inna kuwa aka cusa mata laka kamar ramin ɓera.

Na ce ta tattara kayanta mu tafi unguwarmu Banikanni a Parakou, ɗakina na bulo ne. Ta ƙi.

"'Yar nan, in na fita, gari zai ce Baffanku ya kori matar wansa. Ba ni zan zubar masa da mutunci ba."

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi faɗa. Abu ɗaya ta yarda da shi, mu jawo gadonta zuwa bakin ƙofa. A haka na baro ta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana dafa bango tana gwada mini yadda za ta yi sauri ta fita in ƙasa ta sake motsi.