Zaman Makokin Baturen Kawu

Da sunan Allah nake farawa, mai rayawa mai kashewa, wanda gare shi kowa zai koma, baƙi da fari.

Abin nan ya faru ne ba da daɗewa ba bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, lokacin da bakin mutane bai gama sabawa da sabon sunan ba. Muna zaune a wani ƙauye na bakin tafkin Kainji, ta wajen Ngaski, a gidajen simintin da aka gina mana sa'ad da ruwan dam ya cinye gungunmu, wato tsibirin da aka haife mu a kansa. Ni ina koyar da karatun allo, da rani kuma in taɓa noman albasa. Kawuna, yayan Inna, ya daɗe da barin tuƙin jirgi, domin kafaɗu da gwiwoyi sun ƙi. Sai zama a ƙofar gida da rediyonsa.

Wata safiya matarsa ta leƙo gidanmu ta ce yana kirana. Na same shi ya kashe rediyon ya kife shi a cinya. Bayan mun gaisa ya ce yanzu aka faɗi mutuwar Baturensa.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san labarin Baturen kawu. Ɗa na biyu ne a wani babban gidan sarauta na Ingila. A al'adarsu, in ji kawu, babban ɗa ke kwashe sarauta da gida da gonaki, ƙanne kuwa su fita duniya neman abin yi. Haka aka turo shi ƙasar Yauri yana saurayi, a matsayin ƙaramin Di'o mai zagaya ƙauyuka. Kawu ne matuƙinsa. Shi ke kai shi rangadi cikin tsibirai, daga Shanga har gangaren Ngaski, suna cin kifi ɗaya, sauro ɗaya na cizonsu. Da aka kashe yayansa a babban yaƙin duniya, sarauta ta faɗo kansa ba ya so, aka kira shi gida. Ya shiga majalisar masu sarauta ta ƙasarsu, ya riƙe minista na wani lokaci, daga baya ya saɓa da mutanen jam'iyyarsa ya ajiye. Sau ɗaya ya dawo, bayan tafki ya cika, kansa fari fat, yana dogara sanda. Ya gaya wa kawu matarsa ta mutu, ɗansa ba ya son gidan, rabin ɗakunan an rufe su saboda yoyo, kuma idan ya miƙe zai yi magana a majalisa rabin mutanen barci suke. Kawu ya tuƙa shi har kan inda gungunmu yake. Ya leƙa ruwa, bai ga komai ba.

Amma ba wannan ne ya ɗaure zuciyar kawu da shi ba. Ɗan farin kawu ya rasu da ƙyanda yana fara tafiya. Baturen ya ɗage rangadi, ya zo, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma cikin masu gaisuwa, ƙafafunsa dogaye ya rasa yadda zai naɗe su. Bai ce komai ba sai sannu. Ya dawo washegari, ya kuma dawowa har aka yi sadakar uku.

Shi ya sa da kawu ya ce in fito da tabarmi in shimfiɗa a ƙofar gida, na gane nufinsa. Zaman makoki zai yi, ya karɓi gaisuwa kamar wanda aka yi wa rashi.

Na faɗa masa abin da na sani a karatu, cikin ladabi: ba mu roƙa wa wanda ya mutu ba a Musulunci ba gafara, lamarinsa yana wurin Allah. Ya ce shi ma ya san wannan tun kafin a haife ni, kuma bai nemi addu'ar kowa ba.

"Ya zauna mini," in ji shi. "Ba ni da hanyar zuwa gidansu in zauna musu. To a bar ni in zauna a nawa, wani ya taho ya ce mini ya haƙuri."

Na ce masa ya haƙuri. Ya amsa, amma ya ce ni ɗansa ne, gaisuwata ta cikin gida ce.

Na je wurin liman. Ya saurare ni ya ce gaishe da mai rai a kan baƙin cikinsa ba laifi ba ne, sai dai shi idan aka gan shi a kan tabarmar, za a ce liman ya yi wa Nasara addu'a, kuma ba zai iya bin gida gida yana warware maganar ba. Ya ce in kai wa kawu gaisuwarsa. Da na isar, kawu ya dubi gidan liman, wanda ana hango ƙofarsa daga inda muke.

Muka zauna. Kawu ya sa farar rigarsa, ya zauna a tsakiya ya jingina da bango, inda mai rashi ke zama. Masu tafiya bakin ruwa suka riƙa bi ta bayan masallaci. Waɗanda ba su da hanya sai ta gabanmu sukan yi sallama su ƙara sauri. Wani Bafillace da ya kawo shanu shan ruwa ya ga tabarmi, ya tsuguna ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya tambayi wanda ya rasu. Da na gaya masa, ya dubi hannuwansa, ya dube mu, ya shafa gemu da su kawai, ya ce Allah ya kyauta, ya bi shanunsa.

A rana ta biyu taubashiyar kawu ta zo, wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, wadda ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Ta tsaya daga gefe, ta ƙi hawa tabarma.

"Ɗan Ingila, yaushe za a raba gado?" in ji ta. "Ni dai a ba ni hular kwanonsa, in riƙa zuba wa kaji tsaki."

"Ko an ba ki, kanki ya fi ta girma," in ji kawu. "Kuma warin kifinki zai kai har majalisa."

"Majalisar da ta san da zamanka? Ka ƙare ƙarfinka kana tuƙa mutum, ko allurar ɗinke riga bai bar maka ba."

Ta yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa, karo na farko tun jiya. Sai ta rage murya ta ce masa ya naɗe tabarmin nan tun mutane ba su fara tuna abin da suka binne ba. Ya ce sai an cika uku. Ta kaɗa kai ta tafi. Washegari duk da haka ta aiko da babbar ƙwarya ta fura, wai don baƙi. Aka ajiye ta a inuwa, ba baƙon da zai sha.

Ban fahimci maganarta ba sai bayan la'asar ta rana ta uku. Akwai wani dattijo mai saƙar tarun kamun kifi a ƙarshen ƙauye, ɗan tsohon sarkin ruwan gungunmu. Suna gaisawa da kawu a masallaci, amma ban taɓa ganin sun zauna tare ba, na ɗauka halinsu ne bai zo ɗaya ba. Shi muka hango yana tahowa kai tsaye. Na ga kawu ya gyara zama, ya gyara hula. Mutum ya zo a ƙarshe.

Dattijon ya yi sallama, ya tsaya a bakin tabarma da takalmansa.

"Da gaske ne ya mutu?"

Kawu ya ce haka rediyo ya faɗa.

"A kan gadonsa?"

"Haka nake zato."

"Babana a ƙasan ɗakin gidan yari ya mutu. Ba wanda ya juya masa fuska gabas."

Ya juyo gare ni ya ce tunda ni malami ne mai rubutu, in ji. A lokacin yaƙi, Baturen nan ya nemi jirage da samari su ɗauki kayan gwamnati su gangara da su. Kogi ya cika ya batse, babansa ya ce ba zai ba da yaran mutane ruwa ya ci ba, a jira ya sauka. Baturen ya ce ƙin umarni ne. Aka tuɓe baban nasa daga sarauta, aka ɗaure masa hannu a gaban jama'a, aka sa shi a jirgi zuwa birni. Bai dawo ba. Ciwo ya kama shi a can, fursunoni suka binne shi, har yau ba a san kabarinsa ba. Shi kuwa yana yaro a lokacin, yana tsaye a bakin ruwa.

Ya koma ga kawu.

"Wa ya tuƙa jirgin?"

"Ni ne," in ji kawu.

"Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa."

Kawu ya buɗe baki, na ji ya fara cewa da suka kai tsakiyar kogi ya sassauta wa sarkin ruwan igiyar, amma bai ƙarasa ba. Daga nan ya tambayi dattijon su wa suka zo musu gaisuwa da labari ya iso.

"Ba kowa. Sabon sarkin ruwa ya ce kada a taru, kada Bature ya ji. Innarmu ta yi kukanta a ɗaki da zane a baki. Kai ma kana gungu a ranar."

Kawu ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na ɗauka gida zai shiga. Sai ya matsa daga wurin da ya kwana biyu yana zaune, ya nuna wa dattijon wurin. Ya zagayo gabansa, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa da ko a salla ba su lanƙwasuwa sai da ƙyar.

"Ya haƙuri," in ji shi. "Allah ya jiƙan Sarkin Ruwa, ya gafarta masa. Mun makara."

Dattijon ya tsaya har na yi zaton zai juya ya tafi. Sannan ya zare takalmansa, ya hau tabarma, ya zauna ya jingina da bango. Ya ce haƙuri sai ma'aiki, kamar yadda ake amsawa, muryarsa ta karye a tsakiya.

Kawu ya ce in je in gaya wa liman ana karɓar gaisuwar Sarkin Ruwa. Liman ya zo. Da aka gan shi, mutane suka biyo, tsofaffi tukuna, sannan 'ya'yansu. Tabarmin suka cika har aka aro wasu. Wani tsoho ya ce yana cikin samarin da aka so a tura a ruwan nan, ya ce da an tura su da ba ya nan yau. Aka yi addu'a mai tsawo, aka shafa, aka sha furar. Aka kira matar dattijon, wadda ba ta taɓa ganin surukin nata ba, mata suka shiga cikin gida suna gaisawa da ita. Kawu yana can gefe cikin masu gaisuwa, yana amsa amin. Har aka kira magariba aka watse, ba wanda ya ambaci Baturen, ba wanda ya ce wa kawu komai a kansa.

Bayan salla muka dawo naɗe tabarmi. Ina naɗewa yana riƙe mini baki ɗaya. Ya ce abin da aka yi yau daidai ne, ya kamata a yi shi tun suna gungu. Sannan ya ce, "Nawa dai bai samu kowa ba."

Ya ci gaba, ya ce ya san abin da mutumin ya yi, da idonsa ya gani, da hannunsa ya taya. Ya kuma san har yanzu yana ƙaunar mutumin. Ya ce ya tsufa da yawa, ba zai iya sauke ko ɗaya daga cikin biyun ba, haka zai kai su gaban Allah.

Bai sake ba mu labarin Baturen ba har ya bar duniya, ko da jikoki sun roƙe shi. Allah ya jiƙan kawu, ya jiƙan Sarkin Ruwa. Wancan kuwa, Allah ne masanin abin da ke tsakaninsa da bawansa.