Enoch Mai Tace Sauti

A shekarar 1975 Enoch ya sauka Dutsin-Ma daga kudancin Zariya, shi da matarsa Salomi da jakar kayan aiki. Ya kama rumfa kusa da tasha yana gyaran rediyo. Ba shi da yawan magana, amma kunne gare shi. Rediyo na fara ƙara zai faɗa maka abin da ya ƙone tun bai kwance ta ba.

A cocinsu akwai tsohuwar ogan mai batir, abar kiɗa ce mai maɓallai, muryarta tsiii kamar kukan sauro. Salomi ce ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ta sha yi masa ƙorafi a kanta. Shekara biyu ya yi yana cire kayan matattun rediyoyi yana gwadawa, har ya haɗa wata 'yar na'ura cikin gwangwanin taba, da abin murɗawa biyu. Ya sa mata suna matacin sauti. In ya murɗa ɗaya sai tsinin muryar ya kwanta, ta yi kauri kamar ta mutum. Ɗayan kuwa gunji yake sa ta, har a ji a ƙirji.

Labari ya kai Kurfi. Wata rana Alhaji Sodangi, mai fataucin hatsi, ya zo daga can da kaset naɗe a hankici.

"Malam Enoch, an ce kana wanke murya. Tsohona ne a ciki, Allah ya jiƙan shi. Shuuu kawai nike ji."

Enoch ya haɗa waya, ya yi ta murɗawa a hankali. Hayaniyar ta ja baya, sai ga muryar tsoho tana kiran 'ya'yansa da sunayensu. Alhaji ya rufe fuska da hannun riga. Tun ranar suka zama aminai.

Bazarar 1984 sanƙarau ya kwantar da Enoch. Ya tashi, amma kunnuwansa ba su tashi ba. Lahadin da ya koma coci ya ga bakin Salomi na motsi, ya ga mata na rausaya, bai ji komai ba. Ya fita waje ya zauna gindin bishiyar bedi har aka tashi.

Bai saki aiki nan take ba. Salomi kan zauna a rumfar ta saurara, ta ɗaga masa kai ko ta girgiza. Amma masu rediyo suka riƙa janyewa. Da matacin ya lalace, mako uku suna fama, shi yana liƙe waya, ita tana girgiza kai.

"Bar shi haka, Baban Roda," ta ce, ta manta ba ya ji. Sai ta dafa hannunsa, ya ajiye ƙarfen liƙin.

A 1987 suka koma gida. Alhaji Sodangi ne ya kai su Funtua a motar hatsinsa, inda za su hau motar garinsu, bai bari kowa ya ɗora musu kaya ba sai shi. Bayan shekara biyu wasiƙar Salomi ta iso Kurfi, cewa Enoch ya rasu ranar wata Talata, yana dawowa daga gona.