Buhun Irin da Sale Ya Buɗe

Sale, ɗan ƙanin babana, shi ya kwashe min irin shinkafa. Ba zargi nake ba, da idona na gani. A shekarar da tumatir ya ruɓe mana a kwanduna a bakin titi ne, shekara ta dubu biyu da 'yan kai, kowane gida a ƙauyenmu na wajen Bunkure ya koma ci sau ɗaya a rana. Buhun nan shi kaɗai ya rage min na shuka, irin da ake shafa wa jan magani saboda ƙwari. Na kai ajiya zauren Sale don ɓeraye sun addabi ɗakina.

Abin da ya fi ci min rai, tabarma ɗaya muka tashi a kai, gaban kakarmu Iya Tabawa. Bayan isha'i takan ja mu kusa da murhu, tana tura karan dawa a wuta, kwaɗin kanal ɗin ban-ruwa suna ta kuka. Haƙoranta uku, amma muryarta har bayan danga.

"Ga ta nan a bakin ƙofa," in ji ta.

"Ta shigo mu ji ta!"

Wai shekarar fari kurciya da gafiya suka haɗa iri a gora, suka liƙe bakin da laka. Yunwa ta kama 'ya'yan gafiya, kunya ta hana ta faɗa. Kullum sai ta ɗebi kaɗan, ta mayar da yashi. Ruwa ya sauka, aka fasa gora, yashi zalla. Kurciya ta ce, "Da kin yi magana, ai da ragowar tsaba a sheƙata."

"Kai Sale mai hamma, me ya kashe gonar?"

"Gafiya, Iya."

"Ungo naka! Bakinta da ta rufe, shi ya kashe ta."

Muka yi ta dariya. Mu a lokacin tatsuniya ce kawai.

Ranar da zan yafa iri na je ɗaukar buhuna. Na ɗaga, nauyi yana nan. Na kwance, ƙaiƙayi da yashin kanal. Na faɗa cikin gidan Sale ko sallama babu, niyyata mu yi ta ta ƙare.

Sai na tsaya cak. Matarsa Hansai tana durƙushe tana wanke shinkafa, ruwan ƙwaryar jajir. Can gefe 'ya'yansa huɗu sun kewaye kwano suna ci. Irina ne. Mai maganin.

Na yi fatali da kwanon. Ƙaramar ta fashe da kuka, tana tsintar ƙwayoyin daga ƙasa tana kai wa baki.

"Sau bakwai muke wankewa, Yaya," in ji Hansai, kanta a ƙasa.

Innalillahi. Tsakanin gidana da nasa katanga biyu ce, kuma akwai rabin buhun masara a ƙarƙashin gadona. Kullum a masallaci in na ce ya gida, sai ya ce min lafiya lau.

Daminar nan ban noma shinkafa ba, har yau kuma ban farfaɗo ba. Yaran dai Allah Ya tsare su. Masarar na aika musu a ranar, amma sai da na tare shi a zaure, na kama wuyan rigarsa.

Na ce, "Sale, satar na yafe. 'Lafiya lau' ɗin nan ce ba zan yafe ba. Ka gwammace ka ba 'ya'yanka guba da ka ce min kana jin yunwa. Iya ta tambaye ka ranar nan, ashe hammar kawai ka yi."