Katifar Iskar da Na Haɗa wa Baba

A shekarun dubu biyu ina koyarwa a wata firamare a Jos, abin da kuma nake so a ranakun hutu shi ne kwance tsofaffin rediyo ina haɗa ƙananan na'urori. Wasa na ɗauke shi, har shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye.

Da muka dawo da shi daga asibiti zuwa gidanmu na Dilimi, kwanciya ta fara ci masa baya. A asibiti na ga wata katifa mai kumbura tana sacewa gefe-gefe don kada ciwon kwanciya ya kama majinyaci, amma ba a ba da ita a tafi gida. Na ce zan gwada haɗa irinta.

Na karɓo tsofaffin tib na keke guda goma wurin mai faci, na yanka su, na liƙe bakunan, na jera su a kan tabarma. A kasuwar Laranto wani ɗan kasuwa Ibo ya nemo mini ƙaramin famfon taya mai aiki da batirin mota. Da na gaya masa dalili, ya ƙara mini agogon wata tsohuwar na'urar awon jini.

"Oga, sa wannan," ya ce. "Iska ya yi yawa, zai fashe."

Ya kuwa fashe, har sau uku. Ni nake kwanciya a kai ina gwadawa. Ga sanyin Jos: in na daidaita iskar da asuba, kafin azahar tib ɗin sun yi tauri kamar katako. Sai da na yi mako biyar kafin na haɗa makunnin da ke tsayar da famfon idan allurar agogon ta kai inda na yi alama da jan biro. Tib biyar su cika, biyar su sace, can su yi musanya.

Ranar da muka ɗora Baba a kai, ya dube ni. Maganarsa ta riga ta yi nauyi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To, Allah ya yi albarka. Ƙarar ce dai ta yi yawa."

Na naɗe famfon da tsohon bargo. Ciwon bayan bai warke duka ba, amma ya daina faɗaɗa, Inna ma ta samu sauƙin juya shi. Wata bakwai ya yi a kan katifar.

Ya rasu wata Talata da hantsi. Da muka dawo daga maƙabarta, Inna ta aiko a kira ni daga wurin zaman makoki. Na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakinsa, famfon yana ta aiki.

"Shiga ka kashe abin nan," ta ce. "Mun rasa inda ake taɓawa."

Na durƙusa na zare wayar daga batirin. Na zauna a ƙasa har iskar ta gama fita, sannan na koma wurin masu gaisuwa.