Hansai Mai Haɗa Waya

Duk wanda ya buga waya wata ma'aikata da ke Doka a shekarar 1975, muryar Hansai ce ta fara amsa masa. Muryar ta yi suna, amma da wuya a samu wanda zai iya nuna mai ita a hanya. Ɗakinta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, babu taga, sai akwatin haɗa waya da fitilunsa masu ƙyafta ido. A nan take wuni tana sada mutane da mutane, ita ba ta da mai ce mata yaya kika kwana.

'Yar Rigachikun ce. Mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta. Mijinta Ja'afaru akawu ne, kuma yana cikin waɗanda sharar da gwamnatin soja ta yi wa ma'aikata ta fara kwashewa. Ya tafi Legas neman abin yi, ya bar ta a ɗakin haya a Unguwar Sarki da ciki. Kafin wannan ta yi ɓari sau biyu.

Cikin nan bai zo mata da wasa ba. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ta sunkuya sai ta ga duhu. A wurin awo likita ta ce jininta ya hau, ta je ta kwanta har ta sauka, in tana son abin da ke cikinta. Faɗa da sauƙi! A wannan shekarar ko tari mutum ya yi a ofis sai ya waiga, domin rashin lafiya ma dalilin kora ne, ita kuwa ba a ko tabbatar da ita a aikin ba. Gaba kura, baya sayaki. Sai ta ƙara faɗin mayafi, ta tura kwali ƙarƙashin tebur tana ɗora ƙafa, ta ci gaba da zuwa.

Akwai kuma kunya. Wannan shi ne zai zama ɗan fari, shugaban sashensu kuwa, Malam Balarabe, sa'an mahaifinta ne. Ta yaya za ta dubi farin gemunsa ta ambaci ciki? Sau da dama ta je ƙofar ofishinsa, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta juyo. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ran nan da hantsi mararta ta murɗa irin murɗawar da ta sani. Fitilu na ta kira, ta zuba musu ido. Can ta miƙa hannu ta sa igiya a layin Malam Balarabe, wanda bango ɗaya ne tsakaninsu. Tun da ta fara aikin ba ta taɓa kiran kowa don kanta ba.

"Wa zan yi magana da shi?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Hansai."

"Hansai? Ba ga ki nan kusa ba?"

"Ba zan iya a gabanka ba, Baba." Ta rufe ido. "Ina da juna biyu. An ce in ban kwanta ba, zai bi 'yan uwansa."

Tana jin kaɗawar fankar ofishinsa ta cikin wayar. Sannan ya ce, "Tashi ki tafi, 'yata. Direba zai kai ki asibiti. Kujerarki kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, ni kaina ban san ko zan kai ƙarshen wata a tawa ba."

Ta kwanta. Kwanciya mai tsawo, ita da rufin kwano da hayaniyar 'ya'yan maƙwabta. Matar mai gidan hayar kan leƙo da kunu, ta yi sannu, ta koma hidimarta. Hansai ta haihu kafin lokaci, namiji, ɗan mitsitsi, amma ya yi kuka, ya kama nono. Aka sa masa Abdurrahim, ubansa bai samu zuwa suna ba.

Bayan ta yi arba'in ta goya shi ta tafi gidan waya, ta biya, aka haɗa ta da ma'aikatar. Wata yarinya ce ta ɗauka, murya garau, babu alamar haki.

"Malam Balarabe nake nema."

"Ai an yi masa ritaya tuni. Wace ce ke magana?"

"Hansai ce."

"Daga wane ofis?"

Hansai ta tabbatar kujerarta ta zama ta wata. Ta ajiye kan wayar a hankali don kada ta tashi yaron, ta gyara majanyi, ta kama hanyar Unguwar Sarki a ƙafa.